Ƙwayoyin NK da sankarar mafitsara, ƙoda da furostet: me aka tabbatar, me ake gwadawa?

Tambaya: Likita, mahaifina ɗan shekara 68 yana fama da sankarar mafitsara. An kankare ta, an yi masa BCG, maganin da ake zubawa a mafitsara, zagaye biyu, amma ta dawo. Yanzu likitocinsa sun ce a cire mafitsarar gaba ɗaya, shi kuma hankalinsa bai kwanta ba. Na ga wani asibiti mai zaman kansa yana talla a intanet cewa za su ɗebi jinin mutum, su raini ƙwayoyin NK ɗinsa, su mayar masa, kuma hakan na maganin sankarar mafitsara, ƙoda da furostet ba tare da tiyata ba. Gaskiya ne? Mu ɗage aikin mu gwada?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri da ka tsaya bincike kafin ka yanke shawara. A gajarce: kada ku ɗage aikin saboda wannan tallar. Ƙwayoyin NK (natural killer, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini) ba ƙage ba ne, suna nan cikin jinina da naka, kuma suna kashe ƙwayoyin sankara. Amma hanyar da aka tallata maka, wato a ɗebo su daga jinin mara lafiya, a hayayyafa su a kwalba, a mayar masa ta jijiya, an gwada ta a kan masu ƙari, ƙarin bai narke ba. Hukumar magunguna ta Amurka da ta Tarayyar Turai babu wadda ta amince da ita a matsayin maganin sankarar mafitsara, ko ta ƙoda, ko ta furostet (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji). Akwai dai wata hanya dabam da ke cin moriyar ƙwayoyin NK, ita ta samu amincewa, kuma mai yiwuwa ta shafi ciwon Baba kai-tsaye. Don ka iya bambance biyun da kanka, sai na ɗan ja ka da nisa.

Fararen ƙwayoyin jini iri-iri ne. Akwai dangin da ake kira limfosait, wanda ya haɗa ƙwayoyin T, ƙwayoyin B masu ƙera antibodi, da ƙwayoyin NK, waɗanda suke kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na dangin. A 1975 aka gano su, a wuri biyu kusan lokaci ɗaya: Rolf Kiessling da abokan aikinsa a Cibiyar Karolinska da ke Suwidin, da Ronald Herberman a Cibiyar Binciken Sankara ta Ƙasa a Amurka. Abin da ya ɗaure wa masu binciken kai shi ne, sun ɗebo ƙwayoyi daga saifar ɓeran da bai taɓa haɗuwa da sankara ba, suka zuba su a kan ƙwayoyin sankara, sai ga su suna kisa nan take. Ƙwayar T ba haka take ba. Ita sai an gabatar mata da abokin gaba, ta kwashe kwanaki tana hayayyafa, sannan ta fito. NK kuwa da shirinta ake haihuwarta.

To in ba koya mata aka yi ba, yaya take bambance lafiyayyar ƙwaya da gurɓatacciya? Klas Kärre, shi ma a Karolinska, shi ya warware wannan, aka buga hujjarsa a 1986. Kusan kowace ƙwaya a jikin mutum tana ɗauke da wani furotin a bayanta mai suna MHC-1, wanda yake tamkar katin shaida. Ƙwayar T tana karanta katin ne, ta ga ko akwai baƙon rubutu a kansa. Sankara da yawa, don su kuɓuce wa T, sai su ɓoye katin ɗungurungum. A nan NK take jiransu, domin ita mai gadin da ke cafke duk wanda ya zo ba kati ce.

Rashin katin kaɗai bai isa ba, in ba haka ba da jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ba su da shi, sun ƙare. NK tana auna saƙo biyu ne a kowace haɗuwa. Tana da makarɓan saƙo irin su KIR da NKG2A, masu ce mata ta dakata idan sun ga MHC-1. Tana da wasu, kamar NKG2D, masu ce mata ta kashe idan sun ci karo da furotin ɗin da ƙwaya ke fitarwa sa'ad da ta shiga matsala, irin su MICA da MICB. Akwai kuma CD16, wanda ke cafke wutsiyar antibodin da ya manne a jikin wata ƙwaya. Duk saƙon da ya rinjaya, shi take bi. Ka riƙe wannan, don kusan duk nasara da duk faɗuwar da zan ba ka labari daga wannan awon suka samo asali.

Wanda ya taɓa kallon kisan a madubin ɗakin gwaji ba ya mantawa. 'Yar ƙaramar ƙwaya ce, tana rarrafe a faranti har ta iske ƙwayar sankara wadda ta ninka ta girma, ta manne, ta baje a jikinta. A cikinta jakunkunan guba suna tattaruwa daidai inda suka haɗu. Sai ta saki wani furotin mai suna ferforin ya huda fata, wani kuma mai suna giranzaim ya bi ta hudar ya shiga. Ba a jima ba fatar ƙwayar sankarar ta fara tsiro da 'yan ƙulle-ƙulle, ta tsuke, ta ragargaje. NK ta ɓalle ta nufi ta gaba. Wannan bidiyon shi masu talla ke nuna wa mutane, kuma ba na jabu ba ne. Sai dai a faranti ake ɗaukarsa, inda sau da yawa ake zuba NK biyar ko goma a kan kowace ƙwayar sankara ɗaya, ba abin da ya shiga tsakaninsu. Jikin mutum ba faranti ba ne.

Cewa suna da amfani a jikin ɗan Adam, wannan ba gardama. A 1989 an ba da rahoton wata yarinya da ba ta da ƙwayoyin NK, wadda cututtukan dangin ƙwayar cutar hafis (herpes) suka yi ta kayarwa ɗaya bayan ɗaya. A Japan an auna ƙarfin kisan ƙwayoyin garkuwa a jinin mutum 3,625, aka bi su shekara 11, aka tarar sankara ta fi kama waɗanda nasu ƙarfin ya fi rauni. An buga wannan a shekarar 2000. Amma tsare jiki daga ƙwaya ɗaya da ta fara lalacewa dabam, rushe ƙarin da ya riga ya kafu ya yi jijiyoyinsa dabam.

Inda aka ga nasara ta zahiri shi ne a sankarar jini. A 2002, a birnin Perugia na Italiya, Andrea Velardi da Loredana Ruggeri suka nuna cewa masu sankarar jini nau'in AML da aka yi wa dashen ɓargo sun fi tsira idan ƙwayoyin NK na mai bayarwa ba su gane katin mai karɓa ba. A 2005 Jeffrey Miller a Jami'ar Minnesota ya ba masu AML 19 da ciwonsu ya yi tsanani ƙwayoyin NK na 'yan'uwansu, bayan ya share musu fili da kemo mai ƙarfi, 5 daga ciki ciwon ya lafa gaba ɗaya. A 2020 tawagar Katy Rezvani a cibiyar MD Anderson da ke Houston ta ɗauki NK daga jinin cibiyar jarirai, ta dasa musu wani makarɓi na ƙira mai suna CAR wanda ke neman furotin CD19, ta ba mutum 11 masu limfoma (sankarar ƙwayoyin limfosait) da sankarar jini. Takwas sun amsa maganin, bakwai ciwon ya ɓace a gwaji, kuma ba a ga mummunan zazzaɓi da ruɗewar ƙwaƙwalwar da aka sani da maganin CAR-T (ƙwayoyin T da aka dasa wa CAR) ba. Wannan sakamako shi ya sa duniya ta juyo kan NK.

Ka lura da abu guda a duka ukun: ƙwayoyin na wani ne, ba na mara lafiyan ba. Dalili kuwa, NK ɗinka ta san katinka, kuma ƙwayar sankararka, in dai ba ta ɓoye shi duka ba, za ta nuna mata shi ta wuce. An gwada ainihin abin da aka tallata maka, kuma ƙwararru ne suka gwada. A 2011 tawagar Steven Rosenberg ta ba da rahoton mutum 8 masu sankarar fata ko ta ƙoda da ta bazu. An ɗebi NK ɗinsu, an hayayyafa su har biliyoyi, an yi musu kemo don buɗe fili, an mayar musu tare da sinadarin IL-2 mai zaburar da su. Ƙwayoyin sun zauna cikin jini aƙalla mako guda, wasu har watanni. Ko mutum ɗaya ƙarinsa bai ragu ba. Da aka sake ɗebo ƙwayoyin aka duba, sai aka ga NKG2D ɗinsu ya yi ƙasa, ba sa iya kisa sai an sake zaburar da su a kwalba. In wannan ne sakamakon inda aka yi komai bisa ƙa'ida, ban ga abin da zai sa a yi tsammanin wanda ya fi shi a asibitin da bai taɓa buga sakamakonsa ba.

Me ya sa ƙari ya gagara alhali sankarar jini ta ba da kai? Na farko, isa wurin. Ƙwayoyin da aka sa ta jijiya yawanci huhu, hanta da saifa suke tarewa, kaɗan ne ke kutsawa cikin ƙari. Na biyu, waɗanda suka kutsa suna tarar da wuri mai ƙarancin iskar oksijin, mai tsami, cike da adenosin da wani sinadari mai suna TGF-beta, wanda ke dakushe makarɓan kisa. Ƙarin kuma yana yanke MICA daga jikinsa ya watsa cikin jini, ya toshe NKG2D tun kafin a iso gare shi. Na uku, NK ba ta da tsawon rai. In ta wani ce, garkuwar mai karɓa takan kawar da ita cikin 'yan makonni. Duk binciken da ake yi yanzu, na dasa CAR, na cusa musu ƙwayar gadon IL-15 don su daɗe, na toshe musu jin TGF-beta, na rainonsu da IL-12, IL-15 da IL-18 don su riƙe zafinsu, ƙoƙarin tsallake waɗannan shingaye uku ne.

Yanzu mu zo mafitsara, inda labarin ya fi daɗi, kuma inda Baba yake.

Mafitsara tana da wata falala da ƙoda da furostet ba su da ita: ana iya zuba mata magani kai-tsaye ta robar fitsari, ya zauna a kan ciwon. Kusan kashi 75 cikin 100 na sankarar mafitsara ana gano su ne tun suna shimfiɗar ciki, ba su kai ga tsoka ba. Kuma BCG ɗin da aka yi wa Baba shi kansa maganin zaburar da garkuwa ne, ɗaya daga cikin mafiya daɗewa a fannin sankara. Asalinsa rigakafin tarin fuka ne da Albert Calmette da Camille Guérin suka samar a Faransa, aka fara ba ɗan Adam a 1921. A 1976 Alvaro Morales, likitan mafitsara a Kingston ta Kanada, ya zuba shi a mafitsarar mutum 9, sau ɗaya a mako har mako shida, ya ga ciwon ya rage dawowa. Tsarin mako shidan nan har yau shi ake bi. Ka ga yadda ake yi: a sa roba, a zuba ruwan, a cire robar, mutum ya riƙe fitsari awa biyu, daga baya ya yi ta jin zafin fitsari da ɗan zazzaɓi kwana ɗaya ko biyu. Wannan zafin alamar cewa garkuwa ta taso ce. Ƙwayar BCG tana manne wa shimfiɗar mafitsara, fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi a wurin, cikinsu har da NK. A 2001 wasu masu bincike a Jamus suka nuna cewa idan aka kawar da NK daga jikin ɓera mai sankarar mafitsara, BCG ba ya aiki. Ashe Baba ya riga ya sha maganin da ke dogara da NK, nasa na jikinsa, a inda ciwon yake.

Daga nan tunanin ya zo: in BCG ya gaza, me zai hana a ƙara wa ƙwayoyin da ya kirawo abincinsu? Abincin NK shi ne IL-15, sinadarin da ba ta girma ba ta rayuwa sai da shi. An ƙera wani nau'insa da aka ƙarfafa don ya daɗe, mai suna N-803, wanda ake sayarwa da sunan Anktiva. A haɗa shi da BCG a sirinji ɗaya, a zuba a mafitsara, mako shida, sannan a ci gaba da zagayen kiyayewa. A watan Afrilun 2024 hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi don masu sankarar mafitsara da ba ta shiga tsoka ba, wadda ta bijire wa BCG, kuma mai nau'in da ake kira CIS, wanda ke shimfiɗe a bangon mafitsara ba ya tsiro. A bayanin da hukumar ta dogara da shi, cikin mutum 77, kashi 62 cikin 100 ciwon ya ɓace a dubawa. Cikin waɗanda ya ɓace musu, kashi 58 sun kai shekara guda bai dawo ba, kashi 40 sun kai shekara biyu. Illolinsa galibi na mafitsara ne: zafin fitsari, jini a fitsari, yawan fita, sanyin mafitsara.

A ganina wannan shi ne mafi ƙarfin hujjar da ake da ita a yau cewa zaburar da NK na iya amfanar mai ƙari a hanyar fitsari. Amma wajibi ne in gaya maka iyakarta. Gwajin ba shi da rukunin kwatanci, wato ba a raba marasa lafiya biyu an ba wasu BCG kaɗai don a ga bambanci ba. IL-15 kuma yana tayar da ƙwayoyin T masu kisa kamar yadda yake tayar da NK, don haka ba wanda zai ce aikin na NK ne su kaɗai. Idan ka lissafa, waɗanda suka kai shekara biyu lafiya ba su wuce kusan ɗaya cikin huɗu na duk waɗanda suka fara ba. Kuma takardar maganin da kanta ta yi gargaɗi cewa jinkirta cire mafitsara na iya ba ciwon damar bazuwa. Ba shi kaɗai ne a wannan fage ba: an amince da pembrolizumab a 2020 da nadofaragene a 2022 don irin waɗannan marasa lafiya, kuma likitoci da dama suna zuba gemcitabine da docetaxel a mafitsara. Dukkansu na wanda ya ƙi tiyata ne ko jikinsa ba zai ɗauke ta ba. Cire mafitsara shi ne ya fi kowannensu tabbacin rabuwa da ciwon.

Idan sankarar mafitsara ta riga ta bazu, NK tana taka rawa ne a bayan fage. Avelumab, wanda gwajin 2020 ya nuna ya ƙara matsakaicin tsawon rai daga wata 14 zuwa 21 idan aka ba da shi bayan kemo, antibodi ne da wutsiyarsa ke iya kiran NK ta hanyar CD16, aƙalla a ɗakin gwaji. An kuma gano cewa ƙwayoyin sankarar mafitsara kan ɗaga wani furotin mai suna HLA-E, wanda ke danne NK da wasu ƙwayoyin T ta hanyar NKG2A. Akwai antibodi mai toshe wannan hanya, monalizumab, amma yana matakin gwaji, kuma babban gwajinsa a sankarar kai da wuya an dakatar da shi a 2022 don bai nuna amfani ba.

Ƙoda kuwa ita ce ta fi kowa daɗewa tana ba masu bincike fata tana karɓewa. Sankarar ƙoda tana cikin 'yan tsirarun da garkuwa ke iya taɓawa, kuma an lura cewa ƙarin da ke da NK da yawa a cikinsa masu shi sun fi daɗewa. A 1985 Rosenberg ya ba da rahoton ba marasa lafiya IL-2 mai yawa tare da ƙwayoyin jininsu da aka zaburar a kwalba, waɗanda aka kira LAK, kuma mafi yawan kisan da suke yi na NK ne. Wasu ƙari suka narke, duniya ta ɗauka. Da aka zo aka raba marasa lafiya, wasu IL-2 kaɗai, wasu IL-2 da LAK, sai aka ga ƙwayoyin ba su ƙara wani abin kirki ba. IL-2 ɗin ne aka amince da shi a 1992. Kusan kashi 15 cikin 100 ke amsa shi, ƙasa da kashi 10 ciwon ke ɓace musu gaba ɗaya, wasunsu har shekaru masu yawa, amma da tsada ga jiki: jini ya faɗi, ruwa ya cika huhu, sai a ɗakin kulawa ta musamman.

Bayan nan an gwada NK-92, wani zuriyar ƙwayoyin NK da Hans Klingemann ya samo a Vancouver a 1992 daga wani mai limfoma; dole a haska su da radiyeshan kafin a sa wa mutum don kada su hayayyafa a jikinsa, wanda hakan ke gajarta aikinsu. Gwajin farko a masu sankarar ƙoda ya nuna ba su da haɗari sosai, bai nuna sun warkar ba. An gwada girentuximab, antibodin da ke manne wa ƙwayoyin sankarar ƙoda don NK ta zo ta gama da su, a kan mutum sama da 800 da aka yi wa tiyata. Bai hana ciwon dawowa ba. An gwada bempegaldesleukin, sabon salon IL-2 da aka ƙera don ya fi tayar da NK da T masu kisa. A 2022 ya faɗi a gwajin ƙoda da na mafitsara. Na jero maka waɗannan ne don ka ga cewa tunani mai kyau a takarda, mai aiki a ɓera, sau nawa yake zubewa idan ya iso ga mutum. Abin da ake sa wa ido yanzu shi ne CD70, furotin da mafi yawan sankarar ƙoda nau'in da ake kira clear cell ke ɗauke da shi. Ana gwada NK na jinin cibiya da aka dasa wa makarɓin da ke nemansa. Ina cikin masu fatan ya yi aiki, amma gwajin matakin farko ne. Mai sankarar ƙoda da ta bazu a yau maganinsa nivolumab da ipilimumab ne, ko pembrolizumab tare da axitinib da makamantansu.

Furostet, wato ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya fi su duka taurin kai. Ƙarinsa ba ya tara ƙwayoyin garkuwa da yawa, yana fitar da TGF-beta sosai, kuma in ya bazu ƙashi yake nufa. NK ɗin da aka ciro daga cikinsa an same su raunana. Ana ƙera NK masu CAR da ke neman furotin PSMA, amma akasarin sakamakon na faranti ne da ɓeraye. Maganin ƙwayoyin garkuwa guda da aka amince da shi a nan, sipuleucel-T na 2010, ba na NK ba ne, kuma wata huɗu ya ƙara a matsakaicin tsawon rai. Abin da ke riƙe wannan ciwo shi ne tiyata ko radiyeshan tun da wuri, rage sinadarin maza, abiraterone, enzalutamide, docetaxel, da lutetium mai bin PSMA da aka amince da shi a 2022.

Sankarar maraina ba ta ma buƙatar wannan magana. Tun da Lawrence Einhorn ya fara amfani da cisplatin a 1974, sama da kashi 90 cikin 100 suna warkewa. Saurayin da ya bar wannan ya bi NK an cuce shi. A ɓangaren mata, an gwada NK na wani a sankarar ma'ajiyar ƙwai, har da zuba su kai-tsaye cikin ciki, duk a ƙananan gwaje-gwaje. Sankarar bakin mahaifa kuwa rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa ta, da gwaji tun da wuri su ne makaminta.

Mu dawo kan Baba. Kalmar "ta dawo" tana ɗauke da abubuwa da yawa, kuma shawarar ta rataya ne a kan takardar da masu duba nama suka rubuta. Ka nemi likitansa ya zauna da ku a kanta. Wane nau'i ne? Duk abin da na faɗa a kan BCG da IL-15 na nau'in da ke tasowa daga shimfiɗar mafitsara ne. Nau'in da tsargiya mai daɗewa ke haifarwa dabam ne, kuma tiyata ce maganinsa. Akwai CIS a ciki? Shi ba ya tsiro kamar sauran; a kyamara jan tabo ne shimfiɗaɗɗe, mai laushin gani, wanda ido kan ɗauka kumburi ne kawai, alhali yana cikin mafiya haɗari. Shi ne wanda aka amince a yi wa Anktiva. Ciwon ya tsaya a sama, ko ya nutsa ƙarƙashin shimfiɗa, matakin da ake kira T1? Akwai tsoka a naman da aka kankaro, kuma tana da tsabta? In babu tsoka a samfurin, ba a san zurfin ciwon ba tukuna, sai an sake kankara. Sannan BCG ɗin ya cika? Galibi ba a cewa ciwo ya bijire masa sai mutum ya samu aƙalla biyar daga shidan farko, da aƙalla biyu daga zagaye na gaba. Na tambayi wannan ne don tun 2012 ake fama da ƙarancin BCG a duniya, wasu an rage musu ba da saninsu ba.

In amsar ta nuna T1 mai tsanani da ya dawo bayan cikakken BCG, ko ƙwayoyin sun shiga hanyoyin jini, ko akwai wani baƙon nau'i a haɗe, to shawarar likitocinsa ita ce tawa. Muddin ciwon yana cikin mafitsara, cire ta na iya raba shi da shi har abada. Ranar da ya ratsa tsoka ya kai ƙullan limfa ko huhu, magana ta koma ta tsawaita rai. Wata uku ko shida da za a kashe ana jiran sakamakon ƙwayoyin kwalba na iya zama daidai lokacin da wannan ƙofa za ta rufe, kuma wannan ya fi tsorata ni fiye da zazzaɓi ko gurɓatar jinin da ƙarin ƙwayoyin kan iya jawowa.

Tsoron Baba kuma abin a saurara ne, kada a yi masa gatse a kai. Yawanci ba wuƙar ce ke firgita dattawa ba, jakar fitsarin ce. Ku nemi a haɗa shi da ma'aikaciyar jinya mai kula da masu jaka, ya ga jakar da idonsa, ya taɓa ta, ya ga yadda take kwanciya a ƙarƙashin riga. In da hali ya zanta da wanda aka yi wa aikin. Ku tambaya ko ya cancanci a ƙera masa sabuwar mafitsara daga hanji, wadda wasu ke samu in ƙodarsu na da kyau kuma ciwon bai taɓa bututun fitsari ba.

In kuma kuna son shiga binciken NK na gaskiya, akwai alamominsa. Yana da lambar rajista, ko da yake rajista a ClinicalTrials.gov, shafin intanet da ake jera gwaje-gwajen magani, ba shaidar inganci ba ce, kowa na iya sa nasa. Kwamitin ɗa'a ya duba shi. Yana da sharuɗɗan wanda zai shiga da wanda ba zai shiga ba, don ba maganin da ke dacewa da kowace sankara. Za a ba ku takarda da ta faɗa ƙarara cewa ba a san ko zai yi aiki ba. Kuma bisa al'ada ba a sayar wa mara lafiya abin da ake gwadawa a kansa. Ka tambayi asibitin nan mutum nawa masu irin ciwon Baba suka yi wa, nawa ne ciwon ya ɓace a kyamara da gwajin nama, kuma a wace mujallar likitoci aka buga. In suka amsa maka da bidiyon marasa lafiya suna godiya, ko da takardar da ke nuna "ƙarfin NK" ya hau a jini, ba su amsa ba. Mutum takwas ɗin nan na 2011 su ma jininsu ya cika da NK.

Idan takardar ta nuna CIS ne ba tare da an nutsa ba, kuma Baba ya dage yana son a gwada ceton mafitsararsa, wannan zaɓi ne da likita zai iya tsayawa a kai, ko da BCG da IL-15, ko da ɗaya daga cikin sauran magungunan, gwargwadon abin da ake samu a inda yake jinya. Sharaɗin shi ne a yi yarjejeniya tun kafin a fara: kyamara da gwajin fitsari duk wata uku, a ɗauki nama in an ga abin zargi, kuma in ciwon bai ɓace ba zuwa wata shida, ko ya nuna alamar nutsawa ko da kafin nan, a tafi tiyata ba tare da an sake neman wani zagaye ba. Ku sa a rubuta wannan a fayil ɗinsa, shi ma ya ji da kunnensa ya amince.